Kunun Da Jakada Bai Sha Ba

Mu shida ne a gidan ran nan. Akwai Jakada, yana kan kujerar da ke jikin taga. Akwai matarsa, wadda tun safe ba ta zauna wuri ɗaya ba. Akwai wani likita Bakano mai aiki a wani asibiti a garin Laurel, can Amurka, mutumin da ke fara dariya tun bai gama magana ba. Akwai maƙwabciyarmu ta saman bene, nas ce 'yar Filato, ta sauko da kayanta na coci ko canzawa ba ta yi ba, don ranar Lahadi ce. Akwai wani dogon tsohon Bature da ya yi shekaru yana zaman sulhu da Jakada, wani lokaci a gefensa, wani lokaci a ɗaya ɓangaren. Sai ni, a bakin ƙofar kicin kan tabarmata, inda nake ganin kowa ba tare da na shiga falon ba. Yaran an tura su gidan wata ƙawar uwarsu tun da hantsi.

Jakada zan ce, yadda kowa ke ce masa. Ni na haife shi, shi ne na fari, kuma bakina bai taɓa kama sunansa ba. A garinmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa magana baki da baki, ba ta zama inda yake zaune, ba ta nuna ta san da shi a gaban mutane. Wasu matan sukan sassauta idan yaro ya yi gemu. A gidanmu ba a sassautawa. Ranar suna na saci kallon fuskarsa, uwata ta murɗe mini cinya, sai da shatin ya kwana bakwai. Da aka yaye shi, yayar ubansa ta goya shi ta tafi da shi gidanta, katanga uku tsakaninmu, ita ya tashi yana ce wa Inna. Yana shekara huɗu ƙyanda ta kwantar da shi har aka fidda rai. Na je na tsaya a bayan zanan gidan da tulu a kaina, kamar wadda ta tsaya hutawa a hanyar rijiya, ina jin numfashinsa yana fita da ƙyar. Ban shiga ba. Da na dawo gida mata suka yi ta yabona, wai 'yar gidan mutunci.

Aikinsa daga nesa na san shi. Ya fara da tafinta tsakanin Turawan mulki da masu kawo ƙara. Daga nan aka tura shi karatu Ingila, ya dawo aka sa shi aikin jakadanci. Ya zauna a ƙasar Larabawa, ya zauna a wata ƙasar ƙanƙara da ban iya faɗin sunanta ba, ya zauna inda ƙasashen duniya ke taro. Duk inda aka yi faɗa aka gaji, shi ake aikawa. Ya karɓo fursunoni daga hannun 'yan tawaye. Ya sasanta ƙasarmu da wata maƙwabciyarta da suka ja daga a kan wani tsibirin masunta. Idan rediyo ta ambaci sunansa ina tsakar gida, sai in tashi in shige ɗaki. Mata su biyo ni da barka, in ce su kai wa uwarsa, ga gidanta can.

Kaset yake aikowa, don gwaggon tasa ba ta karatu, ni ma haka. Za a kunna a ɗakinta, ni kuma ranar ce nake tunawa ina da zogalen da zan tsinke, kuma inuwar gindin tagarta ta fi ta ko'ina sanyi. Zai yi ta ba ta labarin garuruwa har a juya kaset, can a ƙarshe ya ce, "A gaida mutanen gida." Ni ce mutanen gida. Shekara da shekaru wasiƙata ke nan.

Da gwaggon ta rasu, ni kuma yanar ido ta rufe mini gani, sai ya aiko aka ɗauko ni zuwa Amurka, a farkon shekarun tamanin, lokacin an ba shi wani babban aiki na ƙasa a Washington. Aka yi mini aiki, ido ya buɗe tar. Gidan gwamnati ne, ɗakuna jere kamar asibiti, kuma ya yi mana daidai, don sai mu yi mako ba mu haɗu ba. Abin da nake so ya ji in gaya wa matarsa, nasa ma ita ke kawo mini. Masu aikin gidan sun ɗauka gaba muke yi.

Idan ana liyafa nakan zauna a saman matattakala in riƙa kallon ƙasa ta tsakanin ƙarafa. A nan na ga yadda yake aiki. Ba ya yawan magana. Zai tsaya da mutum, kofi a hannu, ya bar shi ya yi ta zuba. Can sai ya ɗan juya kafaɗa ya matsa taku biyu, mutumin ya biyo shi bai sani ba, ya ƙara matsawa, sai ga mutumin nan tsaye kusa da wanda ya rantse ba zai gaisa da shi ba. A daidai nan Jakada zai tuna ana nemansa a wani wuri, ya bar su. Na ga ya yi haka ya fi a ƙirga. Ban taɓa ganin ya kama hannun kowa ya haɗa da na wani ba.

Sai sojoji suka karɓi mulki a gida. Takarda ta zo, 'yar guntuwa, an sauke shi. Aka ba mu kwanaki mu bar gidan. Mutanen da nake gani daga saman bene suna cika ciki da naman gidan nan, ko waya ba su bugo ba. Har yau na san fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, na san wanda ke ƙara faranti sau uku, na san wanda ke sa na aljihu.

Muka koma Greenbelt, a bayan garin Washington, gidan haya a hawa na biyu. Ɗaki uku ne, da wani siririn lungu da ya haɗa su, banɗaki ɗaya. Kullum ƙugin motocin babbar hanyar da ta kewaye birnin yana shigowa ta taga, kamar injin niƙa da ba ya mutuwa. Lungun nan mutum biyu ba sa wucewa sai kafaɗa ta gogi kafaɗa. Ba wanda ya zauna ya tsara, amma muka samu hanya. Kafin ya fito daga ɗakinsa sai ya yi gyaran murya sau biyu, in ina lungun in koma. Ni kuma in zan fito sai in ja takalmina da ƙarfi. Bangon kamar kwali yake. Ina jin tarinsa, ina jin ranar da ya mayar da abinci, ina jin sa'ad da waya ta yi ƙara ya tashi da sauri, ya tarar yaran ake nema. Mutumin da shugabanni ke jira a bakin ƙofa, ga shi yana wuni yana karanta jarida ɗaya.

Takarda ta biyu ta zo da kaka, ganyen itatuwan unguwar sun yi ja suna zuba. Ana nemansa a gida ya je ya yi bayani a kan tsibirin masuntan nan, wai ya bayar da ƙasar kakanni a kan tebur. Kowa ya san abin da ake yi wa waɗanda suka amsa irin wannan kira. Daga bakin jirgi ake ɗaukarsu. Wata jami'a a can Amurka ta ce ya zo ya koyar. Likita ya samo masa lauya, aka ce zama ba zai gagara ba. Shi kuwa ya je ya yanki tikiti. Na ji shi ta bango yana ce wa matarsa, "Shekara talatin ina gaya wa mutane in an kira ku ku zo a zauna. Yau an kira ni, in ce ba ni zuwa?"

Matarsa ta shigo ɗakina ta durƙusa. Mace ce da ta yi boko mai zurfi, amma shekara uku tana kai-kawo tsakaninmu ba ta taɓa nuna gajiya ba.

Ta ce, "Hajiya, ba ya jin ta kowa. Taki kaɗai zai ji."

Na ce, "Je ki gaya masa na ce ya zauna."

Ta tafi. Ba ta daɗe ba ta dawo, idonta ya yi ja.

"Ya ce a gaishe ki. Ya ce a aikinsu ba a karɓar saƙo daga hannun wanda ke da buƙata a cikin maganar, ni kuwa kowa ya san abin da nake so. Ya ce in ke kika faɗa masa da bakinki, a gabanki zai yaga tikitin."

Na ce, "Ya san ba a yi."

"Ya sani, Hajiya."

"To me yake nema?"

Ta sunkuyar da kai. Ni ma ban sake tambaya ba, don na san amsar. Ba izinin zama yake nema ba. Ciniki ya buɗe da ni, ya ɗora kansa a kan faifai.

Kwana tara muna haka. Na sa ta kawo rikoda ta danna, na yi magana a kaset, na ce a gaya wa mai gidan nan tafiya ba ta kama shi ba, yara ƙanana ne, waɗanda suka kira shi ba sauraro suke nufi ba. Ya saurara har ƙarshe, ina jin muryata ta bango. Ya mayar da kaset ɗin, wai ba da shi ake ba, da wani mai gida ake. Na daina cin tuwon dare, na san za ta gaya masa. Shi ma ya daina. Muka bar ta da tukunya cike tana kallo.

Ita ce ta haɗa zaman ranar Lahadin. Da sunan bankwana ta kira su, amma kowa ya san aikin da aka kira shi, don jirgin washegari ne. Na yi tuwon shinkafa da miyar kukar da ta rage mana daga gida. Na dama kunun gyaɗa da markaɗaɗɗiyar gyaɗar kwalba wadda Turawa ke shafa wa burodi, in ka tace ta da kyau ba laifi. Kunun gyaɗa shi ne abin da ya fi so tun yana gidan gwaggonsa. Ni nake damawa a lokacin, in aika yaro ya kai, a ce masa ita ta dama. A nan ma matarsa ce ke kai masa, ba a cewa komai.

Bayan an ci abinci likita ya fara.

"Ranka ya daɗe, hawan jinin nan naka ni na san shi. Can inda za su ajiye ka ba mai duba ka sai sauro."

Jakada ya ce, "Sauro ai ya fi ka sauƙin allura, likita. Kai sai ka soka sau uku kana ba da labari."

Likita ya yi dariya har da buga ƙafa. Nas ba ta yi ba.

Ta ce, "Baba, ni ba wasa na sauko yi ba. Mijin yayata ya amsa irin wannan kira. Har yau ko hularsa ba a gani ba."

"Allah ya fito da shi, 'yata. In na gan shi zan ce kina gaishe shi."

Nas ta dubi likita ta ce, "Ka ji ko? Haka yake yi. Ka kawo masa magana ya naɗe maka ita ya ba ka ka koma da ita gida."

Sai Baturen ya gyara zama ya fara magana a hankali. Likita ya juyo wajena yana fassarawa da ƙarfi, wai don Hajiya ta ji. Labarin wani zaman sulhu ne a wani otal. Janar biyu ne, kowanne da mutanensa, an kashe wa kowa dangi, kuma kowanne ya rantse ba zai shiga ɗakin da ɗayan yake ba. Jakada ya yi makonni yana hawa da sauka tsakaninsu da saƙo, har takalminsa ya buɗe baki. Rannan sai ya sa masu otal suka kwashe butocin shayi daga ɗakunan duka, aka ajiye tebur ɗaya a baranda, mai son shayi ya fito. Kwana uku kowa na aiko mutumin da zai zubo masa. Ran na huɗu ɗaya janar ɗin ya fito da kansa, ya tarar ɗayan yana zubawa. Ba wanda ya dubi wani. Gwangwanin sukari yana ta gefen na farkon, sai ya sa yatsa ɗaya ya tura shi, fuskarsa na kallon wani wuri.

Jakada na tsaye daga nesa. Ya zo ya ce wa Baturen su fara rubuta takarda, an gama. Baturen ya ce ai ba wanda ya ce komai, bari a haɗa su su faɗa. Jakada ya ce masa kada ya kuskura. Ya ce mutumin ya riga ya faɗa da yatsa, in aka matsa masa a gaban jama'a ya faɗa da baki, har sukarin sai an rasa.

Baturen ya ce shi a ranar ya koyi aikin, bayan ya yi shekara ashirin yana yi.

Likita ya ce, "Shi kuwa ai a gida ya koya. Ko ba haka ba, Hajiya?"

Ya yi dariyarsa shi kaɗai, sannan ya ga ba mai taya shi, ya shiga gyaran hula.

Ni kuwa labarin ya tsaya mini. Na ce a raina, to ashe yana karɓar yatsa. Na dafa ƙofa na miƙe. Na ɗauko fulas na tsiyaya kunu a kofi, yana tururi. Kafet ɗin falon nan ban taɓa taka shi ba in yana ciki. Na taka. Taku bakwai ne daga ƙofar kicin zuwa kujerarsa, na ƙirga su. Na tsaya a gabansa na miƙa masa kofin da hannuna.

Cokali ya faɗi daga hannun matarsa. Nas ta dafe baki. Baturen yana ta murmushi, shi tsohuwa ya gani ta kawo wa ɗanta abin sha.

Jakada ya sa hannu biyu ya karɓa. Rabon da in ga hannunsa kusa haka tun yana shan nono. Gashin bayan yatsunsa ya yi fari. Akwai wani tsohon tabo a babban yatsansa, ban san inda ya samo shi ba, ban san ko shekara nawa ya yi da shi ba. Ban koma ƙofar kicin ba. Na zauna a nan kan kafet, gefen kujerarsa, na miƙe ƙafa, na ja mayafina.

A wurina na gama magana. Abin da uwata ba ta yi ba, kakata ba ta yi ba, na yi shi a gaban baƙi, har da Bature. Jira nake in ji ya ce wa matarsa ta ɗauko tikitin.

Sai ya ce, "Inna."

Tun da ya iya magana bai taɓa kirana da wannan ba. Na wata ne, kuma tana ƙasa.

Ya ce, "Inna, in zauna ko in tafi?"

Kowa ya zuba mini ido. Ina jin motocin babbar hanya. Kalmar tana nan a bakina, ba wai na neme ta na rasa ba. Na ɗaga kai, sai wuyana ya juya da kansa wajen matarsa, inda ya saba juyawa.

Na ce, "Ki gaya masa kunun zai huce."

Ya dubi kofin ya daɗe. Sannan ya miƙa hannu ya ajiye shi a kan tebur a hankali, ko ɗigo bai zuba ba.

Ya ce wa matarsa, "A ce mata an gode."

Ya juya wajen Baturen ya faɗi wani abu da Turanci, Baturen ya yi dariya, shi ma ya yi, irin wadda nake gani daga saman bene. Na ɗan ƙara zama don kada a ce kora ta aka yi. Sannan na tashi na koma kicin.

Nas ta biyo ni ta turo ƙofa.

"Mama, kalma ɗaya ce fa. Zauna. Yaron goye ma yana faɗinta."

Na ce, "A garinku kuna faɗa."

"A garinmu ma akwai kunya, Mama. Amma tamu ba ta kai mutum kurkuku."

"Miƙo mini kwanon can."

"Ba zan miƙo ba. Ki koma ki faɗa masa, ni zan kori likita da Baturen, in bi su, in ja muku ƙofa."

"Ke 'yar nan, da uwarki haka kike magana?"

"Uwata da ta ji ni a bakin rami da tuni ta kira sunana har unguwa ta fito. Allah ya sani ban san wanda ya fi wani taurin kai ba, ke ko shi."

Na ɗauki kwanon da kaina na shiga wankewa. Ta tsaya a bayana tana huci, can ta ɗauki tsumma ta fara goge waɗanda na wanke. Baƙin suka watse kafin magariba. Baturen ya leƙo ya rusuna mini. Likita ya fita ba dariya.

Na daɗe ina jin haushin Jakada, kuma har yanzu bai gama fita ba. Mutumin da ya kashe jama'a ya tura gwangwanin sukari da yatsa, ka ce ya isa, ka hana a matsa masa. Ni na taka maka kafet, na ba ka da hannuna, na zauna a gefenka, ka ce bai isa ba. Kuma a gaban mutane, wurin da kai da bakinka ka ce ba a matsa wa kowa. Ya san aikinsa sarai. Duniya duka ya yi wa sauƙi, ni kaɗai ya tsaya a kan sai duka ko babu.

Amma nawa haushin ya fi. Da na faɗi kalmar nan ran nan, to ashe ana iya faɗa. Ashe ranar ƙyanda ana iya ajiye tulu a shiga. Ashe zogalen da na yi ta tsinka a gindin taga ba dole ba ne. Shekara hamsin da wani abu ina gaya wa kaina ba yadda zan yi, a ce in tashi rana ɗaya in nuna akwai yadda zan yi tun farko. Wannan ne ya riƙe mini harshe, ba idon Bature ba. Na daɗe ina cewa da ya same ni ni kaɗai da na faɗa. Ba gaskiya ba ne, kuma zan zo wurin.

Daga bakin jirgi suka ɗauke shi. Damina biyu ya yi a hannunsu, kuma a ciki ba wanda ya zaunar da shi ya tambaye shi maganar tsibirin, shi da ya tafi da takardunsa a jere don a zauna. Rannan suka buɗe ƙofa suka ce ya tafi gida, ba a same shi da komai ba, ba kuma wanda ya ba shi haƙuri. Ya fito ƙafafu a kumbure, ido ya tafi. Lokacin mun koma gida. Muka zauna gida ɗaya shekara uku, yana yin gyaran murya sau biyu kafin ya fito tsakar gida, ko da yake ba ya ganin ko ina nan ko ba na nan. Ya riga ni tafiya. Ranar ban yi kuka a gaban kowa ba, mata suka yi ta yabona.

Matarsa ce ke riƙe da biro yanzu, ina faɗa tana rubutawa. Ta ce in faɗi sunansa ko sau ɗaya ta sa a takarda. Na ce ta ci gaba da rubutunta.

Washegarin Lahadin nan, bayan na idar da sallar asuba, na ja takalmina da ƙarfi yadda na saba, na buɗe ƙofa. Yana tsaye a lungun, da farar jallabiya, carbi a hannu. Bai yi gyaran murya ba, kuma ba mantawa ya yi ba. Ba likita, ba Bature, matarsa ma tana ɗaki. Mu biyu ne. Ya tsaya ne kawai yana dubana.

Na ja mayafi, na juya fuskata ga bango, na raɓe na ba shi hanya. Ya tsaya kamar tsawon karanta Fatiha sau uku. Sannan ya wuce, kafaɗarsa ta gogi tawa.

Na shiga falo. Kofin yana nan inda ya ajiye shi, matarsa ba ta taɓa shi ba, kunun ya daskare ya yi fata a sama. Na ɗauka na shanye shi a tsaye, na wanke kofin na kife. Na koma ɗakina na cire bargon da ke kan gadona, mai kaurin nan da ya aiko wa gwaggonsa daga ƙasar ƙanƙara, na naɗe shi. Na ƙulle dambun nama a leda na cusa a tsakiya. Da matarsa ta fito na miƙa mata.

Na ce, "Ki gaya masa ya sa wannan a jakar hannu, kada ya sa a babbar jaka. Ba za su bar shi ya jira kaya ba."